Gado, Tebur, Kujera da Fitila: Darasi a Kan Sauke Mai Neman Mafaka

Karatun mako: 2 Sarakuna 4:8-17 da 8:1-6, Joshuwa 20:1-9, Maimaitawar Shari'a 23:15-16
Ayar haddacewa: Ibraniyawa 13:2

Kafin ka ci gaba, ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta wuraren nan a natse. Darasinmu na wannan mako a kan mutumin da ya bar ƙasarsa ba da son ransa ba ne, ya tsallako iyaka, ya tsaya a ƙofar gidanka da ƙunshin kaya da yara a baya. Mu da muke zaune a Illo, Lolo, Tsamiya da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo mun san iyakar Jamhuriyar Benin tana daf da gonakinmu, ta Nijar kuma ba ta da nisa ta wajen Kamba da Gaya. A watan Janairu 2025 aka ba da labarin 'yan bindiga sun kashe sojojin Benin 28 a arewacin ƙasar, wajen gandun dajin W. A watan Afrilu na shekarar kuma gwamnatin Benin da bakinta ta ce an kashe mata sojoji 54 a wannan yanki na Alibori. Inda soja mai bindiga ke mutuwa haka, manomi da makiyayi da masunci ba su da barci. Wasu sukan ɗaure kaya su nufi inda suke da dangi, dangin nan kuwa da yawansu suna wannan gefe namu.

Wane ne muke magana a kansa?

A bakin mutane kowa "ɗan gudun hijira" ne, amma hukuma ta raba su, kuma ya kamata ka san rabon, domin kada ka kai mutum ofishin da ba nasa ba. Wanda ya gudu daga ƙauyensa amma bai bar ƙasarsa ba, kamar mutumin Zamfara da ya sauka Birnin Kebbi, ko wanda ambaliyar 2020 ta cinye masa gida da shinkafa a bakin Kwara, ɗan ƙasa ne, yana da duk haƙƙin da kake da shi. Wanda ya tsallake iyaka saboda ransa yana cikin haɗari, ya roƙi ƙasar da ya shiga ta kāre shi, amma ba a riga an yanke hukunci a kan roƙonsa ba, shi ne mai neman mafaka. Ranar da aka bincika aka amince da maganarsa, sai ya zama ɗan gudun hijira a idon doka, a ba shi takarda.

Na tsakiyan nan shi ya fi shan wuya. Ƙasarsa ta kasa tsare shi, sabuwar ƙasa kuma ba ta riga ta ce "kai namu ne" ba. Jiran hukunci yakan ɗauki watanni. A cikin watannin nan dole ya kwana a wani wuri, dole yaransa su ci abinci. Kada kuma ka ɗauka sansani mai tantuna yana jiransa. 'Yan Kamaru da rikici ya koro zuwa jihohin Kuros Riba, Binuwai da Taraba tun daga 2017, an kafa wa wasunsu matsugunai kamar Adagom da Ukende a Ogoja, amma mafi yawansu a cikin garuruwa suke zaune tare da mutanen gari. Ɗakin talaka shi ne masaukin farko, tun kafin motar agaji ta san hanyar ƙauyen.

Matar Shunem

Mun saba jin wa'azi a kan wannan mata a taron farkawa. Mukan yi sauri mu kai wurin da annabi ya yi mata alkawarin ɗa, sai majami'a ta ɗauki Haleluya. Yau ka tsaya a aya ta 10, wadda muke tsallakewa.

Elisha matafiyi ne, ba gudun yaƙi yake yi ba, amma abin da matar ta yi masa shi ne ma'aunin sauke baƙo. Da fari abinci ta ba shi, kuma sai da ta matsa masa kafin ya ci. Daga baya ta ga cewa kwanon tuwo ba ya isa ga mutumin da ba shi da wurin sa haƙarƙari, sai ta yi shawara da mijinta. Ka lura da wannan, 'yar'uwa, ka lura kai ma ɗan'uwa: ba ta shigo da baƙo gida a ɓoye ba, mijin ma ba shi ya yanke shi kaɗai ba. Gidan da mutum ɗaya ya karɓi baƙo ɗayan yana ƙunƙuni, baƙon zai ji a ɗanɗanon miya. Suka gina ƙaramin ɗaki a bisa bene, mai bango, suka sa abu huɗu a ciki.

Gado, domin jikin da ya gaji. Wanda ya kwana uku yana ratsa daji ko ya ƙetaro a kwalekwale da dare, barci yake bukata kafin tambayoyi. Tebur da kujera, domin ya ci abinci kamar mutum, ya zauna ya yi tunani, ya karɓi wanda ya zo gaishe shi. Fitila kuma, wadda ita ce ta fi taɓa ni a cikin huɗun. Wanda aka ba fitila, an ba shi ikon kunnawa da kashewa lokacin da ya ga dama. Babu wanda zai ce masa dare ya yi, kwanta. Mai gudun hijira ya rasa gona, ya rasa dabba, amma abin da ya fi ci masa rai shi ne komai nasa sai an yanke masa: yaushe zai ci, ina zai kwana, yaushe zai yi magana. Ƙaramin abin da ka bar masa a hannunsa, ko makullin ɗaki ne, ko murhu da tukunyar da matarsa za ta dafa irin miyar garinsu, yana mayar masa da mutuncinsa.

Ga kuma wani abu. Da Elisha ya aika a tambaye ta me za a yi mata, ko a kai maganarta gaban sarki ko shugaban sojoji, ta nuna ba ta bukatar komai, domin tana zaune cikin danginta. Ba ta gina ɗakin don a biya ta ba. Ina faɗin wannan domin a cikinmu akwai masu mai da kowane alheri "iri" da suka shuka suna jiran girbi kafin ƙarshen wata. Idan ka sauke gwauruwa da yaranta don ka ga mu'ujiza, wata biyu suka wuce ba ka gani ba, a kanta za ka huce haushinka.

Yanzu juya zuwa sura 8. Matar nan da ta ce tana zaune cikin danginta, yunwa ta shekara bakwai ta tashe ta. Ta kwashi iyalinta ta tafi ƙasar Filistiyawa, maƙiyan Isra'ila, ta zauna can shekara bakwai. Nassi bai faɗi sunan wanda ya ba ta ɗaki a can ba, amma wani ya ba ta. Da ta komo ta tarar gidanta da gonarta sun fita hannunta, sai ga ta a gaban sarkin da dā ta ce ba ta bukatar a ambace ta a wurinsa, tana roƙo. Allah ya sa ta shigo daidai lokacin da Gehazi yake ba sarki labarinta, aka mayar mata da kome har da amfanin gonar na shekarun da ba ta nan. Mai masauki a sura 4, baƙuwa a sura 8.

Mu ma an taɓa sauke mu

Sau da yawa idan Allah ya ba Isra'ila umarni a kan baƙo, yakan haɗa da tuni cewa su ma sun yi baƙunci a Masar (Fitowa 23:9, Littafin Firistoci 19:33-34). Mu ma muna da Masar tamu, ba kuma nesa take ba.

Illo tsohon gari ne na ƙasar Borgu. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ita ta tsaga Borgu biyu, ta bar wasu a hannun Turawan Ingila, wasu a hannun na Faransa. Shi ya sa har yau Kyangawa, Dandawa, Zabarmawa, Fulani da Hausawa suke da kawu a wannan gefe, goggo a wancan. Tun kafin a ja layin nan, ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna ƙetare Kwara ta wannan yanki, su bi ta Kandi da Jugu har Salaga. A kowane zango akwai fatoma da zai ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a gaban sarki idan magana ta taso. Kakannin mutanen ƙasar nan sun ci abincin fatoma, wasu kuma su ne fatoman.

A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya a Gana ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fita. Hausawa da Yarabawa da aka haifa a zangunan Kumasi da Akara suka kwaso kaya suka nufo ƙasar da wasunsu ba su taɓa gani ba. A watan Janairu 1983 Najeriya ta yi wa 'yan Gana da sauran baƙi irin wannan kora, har jakar da suka zuba kaya a ciki ta samu sunan da kowa ya sani. Yunwar 1984 kuma ta zo daidai da rufe iyakokin Najeriya, abin da ya sa mutanen Nijar suka laƙa wa yunwar sunan shugabanmu na lokacin. Wanda aka kora jiya, shi ya kori wani yau.

Na kusa-kusa shi ne na 2019. 'Yan bindiga suka tashi ƙauyuka a Sakkwato, Zamfara da Katsina, dubban mutane, yawancinsu mata da yara, suka tsallaka jihar Maraɗi. Talakawan ƙauyukan yankin Gidan Runji su suka fara buɗe musu gidaje da rumbuna, kafin gwamnatin Nijar da hukumar UNHCR su mai da wasu Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. 'Yan Najeriya ne aka sauke a can. Idan yau mutumin Nijar ko Benin ya tsaya a ƙofarka, akwai bashin ƙasa a kanmu.

Ubangijinmu da kansa, yana jariri, an gudu da shi da dare zuwa Masar saboda takobin Hirudus (Matiyu 2:13-15). Wani Bamasare da ba mu san sunansa ba ya nuna wa Yusufu ɗaki.

Amma idan ɗan leƙen asiri ne fa?

Na san wannan tambaya tana zuciyarka, kuma ba rashin bangaskiya ba ce. Mun ji abin da Lakurawa suka yi a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamba 2024. Mun san 'yan bindiga sukan tura mutum ya shiga gari ya ƙirga shanu da ƙofofi. Magidancin da yake tsoro saboda 'ya'yansa bai yi zunubi ba. Joshuwa ma an taɓa ruɗinsa da tsofaffin takalma da busasshen abinci, domin bai nemi shawarar Ubangiji ba (Joshuwa 9).

Amma dubi tsarin da Allah ya kafa a Joshuwa 20. Birane shida aka keɓe, uku a kowane gefen Urdun: Kedesh, Shekem da Hebron a yamma, Bezer, Ramot da Golan a gabas. Wanda ya kashe mutum ba da gangan ba ya gudu can, zai tsaya a ƙofar birni ya faɗa wa dattawa abin da ya faru. Dattawa za su shigar da shi su ba shi wurin zama. Idan mai bin jini ya biyo shi, ba za su miƙa shi ba. Daga baya zai tsaya gaban taron jama'a a yi shari'a, idan kuwa aka same shi da kisan ganganci, birnin ba zai ɓoye shi ba. Ka ga yadda aka jera: a ji ta bakinsa a fili, a ba shi wurin kwana, sa'an nan a yi bincike. Ba a bar shi a waje ba sai an gama bincike, domin kafin a gama an kashe shi. Ba kuma wani mutum ɗaya ne ya ja shi ta bayan ganuwa ba tare da sanin dattawa ba.

Maimaitawar Shari'a 23:15-16 ta ƙara gaba. Bawan da ya tsere wa ubangidansa ya zo wurinku, ba za a mayar da shi ba, zai zauna inda ya zaɓa, kuma ba za a zalunce shi ba. Ka san nauyin wannan doka idan ka tuna cewa a dokokin Hammurabi sarkin Babila, wanda ya ɓoye bawan da ya tsere ya ƙi fito da shi, hukuncinsa kisa ne. Abin da duniya ta rubuta a yarjejeniyar Janeba ta 1951, sashe na 33, cewa kada a mayar da ɗan gudun hijira inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari, mai karatun Littafi Mai Tsarki ya daɗe da saninsa. Ƙasashen Afirka kuma a yarjejeniyarsu ta 1969 a Addis Ababa suka faɗaɗa: ba sai an nufe ka kai kaɗai da tsanani ba, idan yaƙi ko babbar tarzoma ta tashe ka, kai ma ka cancanci mafaka, kuma ba za a kore ka daga bakin iyaka ba. Najeriya tana cikin yarjejeniyoyin nan biyu, ta kuma kafa hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa tun 1989.

To, ƙofar birninmu a yau ita ce mai unguwa, dagaci da hakimi, tare da jami'an shige da fice da 'yan sanda. Idan baƙo ya sauka a gidanka, kada rana ta biyu ta faɗi ba ka kai shi wurin mai unguwa ba. Ka sanar da fasto da dattawan ikkilisiya. Ka raka shi wurin jami'in shige da fice ya faɗa da bakinsa cewa mafaka yake nema, domin a miƙa maganarsa ga hukumar 'yan gudun hijira. Zuwa da kai ya fi aike: baƙon da ɗan gari ya tsaya kusa da shi, ba kasafai ake wulaƙanta shi ko a nemi abin hannunsa ba. Yarjejeniyar 1951 ta ce kada a hukunta mai gudun ransa don ya shigo ba takarda, muddin ya gabatar da kansa ga hukuma ba da jinkiri ba. Saboda haka ɓoye shi cutarsa ne, cutarka ne kai ma. Wasu sukan ce ai ɗan Benin yana da izinin shiga ƙarƙashin dokar ECOWAS. Gaskiya ne, amma na kwana 90 ne, kuma ga mai takardar tafiya. Wanda aka ƙone ƙauyensa ba zai koma cikin kwana 90 ba. Wanda kuwa ya ƙi a kai shi gaban mai unguwa sam, ya ba ka amsar tambayarka.

Auna ɗakin kafin ka yi alkawari

Ƙungiyoyin agaji suna da ma'aunin mafi ƙarancin abin da mutum yake bukata cikin gaggawa: lita 15 na ruwa kowace rana, murabba'in mita 3.5 na wuri mai rufi, da masai ɗaya ga mutum 20. Bari mu kawo shi gida. Ɗakinmu na ƙafa 10 da ƙafa 12 wajen murabba'in mita 11 ne, wato na mutum uku. Iyali mai mutum shida ɗaki biyu suke bukata, da ruwa lita 90, kusan jarka huɗu masu lita 25 kowace rana ta Allah. Wa zai ɗebo? Idan amsar ita ce matarka da 'yarka, ka tambaye su tukuna.

Shi ya sa wannan aiki na ikkilisiya ne gaba ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai ɗaki ya ba da ɗaki, mai rumbu ya auna mudu, zumuntar mata su duba tukunya, tabarma, sabulu da zane, matasa su haƙa masai su gyara rufi kafin ruwan sama. Wanda ba shi da ko ɗaya yana da ƙafar raka mara lafiya asibiti. Gidan sauro ba kayan alatu ba ne a bakin kogi. A kai yara rigakafi, mai ciki ta fara awo. Ɗakin sujada yana iya zama masauki na kwana biyu ko uku, amma ba gida ba ne, domin macen da take shayarwa ba za ta tattara shimfiɗa kowace asuba saboda masu addu'ar safe ba.

Maganar mata da 'yan mata tana bukatar a faɗe ta ba kunya. Kada a sauke mace ita kaɗai a gidan da babu mace. Ɗakinta ya kasance da ƙofa mai sakata ta ciki, makewayi kuma kada ya zama sai ta ratsa zauren samari da dare. Bo'aza, ranar farko da ya ga Rut a gonarsa, ya ja wa samarinsa kunne kada su taɓa ta (Rut 2:9), domin ya san halin gona da halin samari. Duk wanda ya ce wa uwa, a ba ni 'yarki in ciyar da ku, ko ya sa wa abin suna aure, ciniki ya yi da yunwar mutane. Idan ɗan ikkilisiya ne, dattawa su hore shi, idan kuma abin ya kai laifi a kai shi gaban hukuma. Takardun baƙo kuma nasa ne. Kada ka riƙe su da sunan ajiya sai shi ya roƙa.

Kala da lada

Ciyar da mutum wata shida yana zaune yana gajiyar da mai bayarwa, yana kuma karya mai karɓa. Dokar kala a Littafin Firistoci 19:9-10 ta bar wa baƙo gefen gona ya tattara da hannunsa. Rut ta yi aiki tun safe har yamma ta koma wa Na'omi da abin da guminta ya samo. Akila da Bilkisu, da sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma, sana'arsu ta ɗinkin alfarwa suka kafa a Koranti, har suka zama su ne masu sauke Bulus (Ayyukan Manzanni 18:1-3). Ka tambayi baƙonka abin da ya iya. Wataƙila masunci ne da ba shi da koma, ko tela da ta bar keke a baya. Aron ƙaramar gona a fadama na damina ɗaya, a gaban shaidu, da iyaka da wa'adi a bayyane, ya fi buhu uku na sadaka.

Sai dai a nan jaraba take. Lokacin dashen shinkafa ko cirar albasa, mai gona ya san baƙo ba shi da bakin ƙin farashi. Idan ɗan gari yana karɓar kaza a yini, kai ka ba baƙo rabi domin yana kwana a ɗakinka, ka mai da shi bawa da sunan taimako. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta ambaci baƙo da suna, ta ce a biya shi ladansa a ranar kafin rana ta faɗi, domin idan ya yi kuka ga Ubangiji alhakin yana kanka. Haka kuma idan ya zo da ɗan kuɗin sefa, ka nuna masa mai canji na gaskiya. Yaransa da suka fara karatu da Faransanci za su sha wuya a makarantarmu, amma a sa su duk da haka, wani malami a cikinmu ya ba su sa'a ɗaya da yamma.

Idan ba mai bi ba ne

Mafi yawan waɗanda za su tsallako ta wannan iyaka Musulmi ne, wasu kuma Fulani ne da gari yake yi wa kallon zargi. Basamariyen nan na Luka 10 bai tambayi wanda ya tsinta a hanya ina yake sujada ba. Maƙwabtanmu Musulmi har yau suna tunawa da Najjashi, sarkin Habasha, Kirista, wanda ya sauke mabiyan Annabi Muhammadu na farko da suka gudo daga Makka wajen shekara ta 615, ya kuma ƙi miƙa su ga jakadun da aka aiko a komo da su. Shekara fiye da 1,400 ke nan, alherin bai ruɓe ba.

Ni mai bishara ne, burina kowa ya san Yesu. Duk da haka ina gargaɗinka: kada ka ɗaura kwanon abinci a jikin zuwa sujada. Mai jin yunwa zai amsa kowane kiran bagade, ya ɗaga hannu, ya maimaita addu'a, amma cikinsa ne ya amsa. Ka ba shi buta da wurin salla. Idan ya tambaye ka dalilin da ya sa kake yi masa haka, ka faɗa masa da tawali'u kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta koya mana.

Za ka kuma ji gunaguni daga cikin gida: ga gwaurayenmu ba a kula da su, an kwashe hatsi an ba baƙi. Kada ka ce masu faɗin haka ba su da ƙauna, sau da yawa gaskiya suka faɗa. Irin wannan ƙorafi ya tashi a Ayyukan Manzanni 6, manzanni kuwa ba su tsawata wa kowa ba, sai suka sa aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida su riƙe rabon. A rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta a gaban jama'a, ranar da aka auna wa baƙo a auna wa gwauruwar gida.

Tun daga makon farko kuma ku zauna da baƙon da dattijo ɗaya ku yi magana a fili: wata nawa gidan zai iya ɗauka, wane gida ne zai karɓa bayan haka, ko za a taru a kama masa haya. Gari irin namu da yake bakin iyaka wani lokaci zango ne kawai. Yarjejeniyar 1969 ta shawarci ƙasashe su zaunar da 'yan gudun hijira nesa kaɗan da iyakar ƙasar da suka baro, saboda wanda ya kore su yana iya biyo su. Idan hukuma ta ga ya fi masa aminci ya matsa ciki, ka taimake shi da kuɗin mota da sunan wani mai bi a can. Idan kuma ya ce zai koma gida, ya zama shi ya ga hanya ta yi kyau, ba fuskarka ce ta kore shi ba.

Don tattaunawa a ƙungiyar gida

A cikin gidajen ikkilisiyarmu, nawa ne suke da ɗakin da za a iya sharewa cikin yini ɗaya? A rubuta su, a ba dattawa.

Wa zai je ya gaida mai unguwa da ofishin shige da fice a madadin ikkilisiya tun kafin bukata ta taso?

Nawa ake biyan ɗan ƙodago a fadama bana, kuma nawa muke biyan wanda ba ɗan gari ba?

A addu'ar wannan mako a ambaci ƙauyukan Alibori, na jihar Doso da na Kebbi da ke kwana cikin tsoro, da jami'an da ke zaune a kan iyakar Illo, Lolo da Tsamiya, da matan da za su ɗebi ruwan baƙi.